Ranar da Inuwa ta Fi Tsawo: Tafiyata Henan a Tsakiyar Sanyi

Neman inji ne ya kai ni Chaina a Disambar 2024. Ni da wana muna da ɗan wurin matse man gyaɗa a wajajen Dawanau, kuma injin da muke aiki da shi ya tsufa har ya koma barin mai a cikin tunkuza, masu ƙuli-ƙuli suna murna, mu muna asara. Wana ya so a bari sai shekara ta kama. Amma yaron da ke yi mana tafinta a can, wani ɗan Damagaram da karatu ya kai shi ya zauna, ya ce a waya: "Alhaji, in ba so kake kayanka su kai Maris ba a taɓa su ba, ka taho yanzu. Da zarar Dongzhi ta wuce, hankalin mutanen nan ya fara komawa gida." Na ɗauka sunan wata kasuwar baje koli ce, na ce to.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi zuwa Addis Ababa, muka yi zaman jira, sannan doguwar tafiyar dare zuwa Gwanzu. A filin jirgin Baiyun aka ɗauki hoton yatsu, jami'in shige da fice ya juya fasfo, ya tambayi masauki, ya buga hatimi. Agogonsu yana gaban namu da awa 7, shi ya sa na wuni ina gyangyaɗi a unguwar Xiaobei, inda duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ya sani. Ɗaki na samu a kan yuan 200. Garin da ɗan sanyi-sanyi, amma bai wuce abin da babbar riga da ƴar shara a ciki za su tare ba, har na fara raina labarin sanyin Chaina da ake ba mu.

Masu ƙera irin injin da nake so ba a Gwanzu suke ba, suna arewa, a lardin Henan, wanda shi ne kan gaba a noman gyaɗa a duk ƙasar. Tafintana ya sayo mana tikitin jirgin ƙasa mai saurin nan daga tashar Gwanzu ta Kudu zuwa Zhengzhou, babban birnin lardin, kusan yuan 700 kowane mutum. Ba a shiga tasha sai da fasfo, domin tikitin a jikin lambar fasfonka yake, kuma jaka sai ta bi ta na'urar bincike kamar a filin jirgin sama. Kafin mu shiga ya ja ni wani shago ya ce in sayi rigar sanyi mai gashin agwagwa a ciki. Na yi gardama a kan yuan 300, ya ce, "Alhaji, ka saya kawai, in ba ta yi amfani ba ni zan biya."

Tafiyar awa 6 ce ko ƙasa da haka kaɗan, jirgin yana cin kilomita 300 a awa, shayin da ke gabana ko girgiza bai yi ba. Ta taga na ga ƙasa tana sauya kaya. Mun bar korayen duwatsu da gonakin ayaba, muka wuce Changsha, muka ƙetare kogin Yangtze a Wuhan, daga nan itatuwa suka fara tsayawa tsirara babu ganye ko ɗaya. Da muka shiga Henan sai fili shimfiɗe iya ganinka, da wani ɗan tsiro kore manne da ƙasa. Alkama ce, in ji tafintana. A watan Oktoba ake shuka ta, ta kwanta cikin sanyi ba ta girma ba ta mutuwa, sai farkon Yuni a girbe.

Da ƙofar jirgi ta buɗe a Zhengzhou, iskar da ta bugi fuskata ta sa na manta sallamar da zan yi wa direban da aka turo. Mu a Kano in ma'auni ya sauka digiri 12 da asuba, gari ya ɗauka ana ɗari, a hura wuta a bakin titi, yara su ƙi wanka. A nan da dare ƙasa da sifili yake sauka, ruwan da ya kwanta a gefen hanya ya daskare ya zama gilashi. Sanyinmu na hunturu yana busar da fata ne ya fasa leɓe. Nasu cizo yake yi, kuma kunne yake fara kamawa, sai yatsu, sai hanci. Hular zanna ba ta rufe kunne, wannan kuwa a daren na gane illarsa.

Otal na farko da muka je suka ce ba sa karɓar baƙon waje. Na biyu ya karɓe mu a kan yuan 250, aka kwafi fasfo domin rajistar ƴan sanda, wadda doka ce ga kowane baƙo. Abin mamaki, ɗakin da zafi har sai da na tuɓe rigar. Wasu bututan ƙarfe ne a jikin bango, ruwan zafi na bi ta ciki, kuma daga manyan tukwanen gari ake turo shi gida-gida, daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris. An ja layi ne a taswira, daga tsaunukan Qinling zuwa kogin Huai: wanda ke arewa da layin ana dumama masa gida, wanda ke kudu ya ji da kansa. Shi ya sa mutumin Wuhan kan fi na Zhengzhou shan wahala a cikin ɗaki, ko da yake garinsu bai kai nan sanyi ba.

Ranar Alhamis muka wuni a masana'anta a bayan gari, ana gwada mini inji da gyaɗar da na sa aka sayo a kasuwa. Ba zan cika ku da zancen ƙarfe ba. Mai wurin, wanda kowa ke kira lawban, wato maigida, mutum ne mai fara'a da taurin ciniki. A ofishinsa na ga wata takarda manne a bango, zanen reshen itace da furanni 9, kowane fure da kunnuwa 9, duk farare ba a shafa musu launi ba. Na tambaya. Ya ce ƴarsa ce ta kawo daga makaranta, jibi za a fara shafawa, kullum kunne ɗaya, ranar da aka cike na 81 sanyi ya ƙare. Jibin nan ita ce Dongzhi.

A nan aka warware mini zancen. Sinawa sun raba zagayen rana na shekara gida 24, kowane gida kwana 15 ko 16, kowanne da sunansa da aikinsa: akwai na farkawar ƙwari, akwai na ruwan hatsi, akwai na saukar raɓa mai sanyi, wanda a cikinsa ne ake shuka alkamar da na gani. A wannan yanki na Rawayen Kogi aka tsara lissafin tun fiye da shekara 2,000, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin abubuwan gadon ɗan Adam. Dongzhi ita ce ranar da rana ta kai iyakar karkatarta zuwa kudu, tsakanin 21 da 23 ga Disamba, wuni mafi gajarta, dare mafi tsawo. Ba ita ce ranar da ta fi sanyi ba. Bayanta akwai Ƙaramin Sanyi wajen 5 ga Janairu, da Babban Sanyi wajen 20 ga wata. Tsofaffinsu suna ƙirga kwanakin tara-tara: a tara ta farko da ta biyu ba a fid da hannu daga aljihu, a ta uku da ta huɗu ana tafiya a kan ƙanƙara, a ta bakwai kogi ya narke, in an gama ta tara shanun huɗa su fito. Da na ji haka sai na tuna mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, wanda ba ya fid da iri sai ya aika an tambayo malam wane tauraro ake ciki. Namu lissafin masaukai 28 ne, kwana 13-13, amma buƙatar ɗaya ce: manomi ba ya iya dogara da watan sama kaɗai, tunda shi yawo yake yi a cikin shekara.

Abin da ya shafi aljihuna shi ne wannan. Kalandarsu ta gargajiya wata take bi, kamar tamu ta Hijira, sai dai sun ɗaure ta da rana. Ƙa'ida ce Dongzhi ta faɗo cikin wata na 11, kuma in lissafi ya fara zamewa sai su ƙara wata guda a shekarar, kusan sau 7 a kowace shekara 19. Don haka sabuwar shekararsu ba ta fita tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ba kamar azuminmu da ke zagaya damina da rani ba. Ta wannan karon 29 ga Janairun 2025 za ta kama. Ma'aikatan lawban yawancinsu ƴan ƙauye ne, tun tsakiyar Janairu za su fara tattara kaya, kuma ba za a sake ganinsu ba sai an kwana biyu da shiga Fabrairu. Ya nuna mini allon aikinsa, ya ce wanda bai ajiye kuɗin kafin alƙalami a makon nan ba, sai bayan biki.

Juma'a muka yi ta a tsohon masallacin Beida da ke unguwar Guancheng, unguwar Musulmin ƙabilar Hui. Gini ne irin nasu, rufin tayil mai lanƙwasassun kusurwoyi, in ba ka ga rubutun Larabci ba sai ka rantse fadar sarki ce. Hanafawa ne, tsofaffi da fararen huluna, wasu sun ɗora hular a kan ta sanyi. Ruwan alwala da ɗumi, Allah ya saka wa wanda ya yi wannan tunani. Wani dattijo ya riƙe hannuna da hannu biyu, da ya ji Najeriya sai ya ɗaga babban yatsa, iyakar hirarmu ke nan. A bakin masallacin muka sha huimian, taliya mai faɗi cikin romon rago, yuan 20 kwano, na ji jini ya dawo mini yatsu. Sallolin ranar kuwa a gurguje suka zo. Rana ba ta fito ba sai wajen 7:30, kafin 5:30 na yamma an yi magariba. Wunin bai cika awa 10 ba, alhali a Kano ko a wannan lokaci muna samun fiye da awa 11.

Asabar, 21 ga Disamba, lawban ya ce ba ciniki da safe, zai kai ni in ga wani abu. Muka kama hanyar Dengfeng, tafiyar awa ɗaya da rabi. Duk wanda ya taso da kallon finafinan faɗan Chaina ya san Shaolin, to a gindin tsaunin Song ɗin nan take, kuma mun wuce makarantun koyon faɗa, yara cikin jajayen kaya suna tsalle a fili cikin wannan sanyi. Na so mu tsaya, ya ce sai a dawowa, rana ba ta jira.

Inda ya kai ni wani ƙaramin gari ne, Gaocheng. Da farko ban ga abin zuwa ba: gini ne na bulo mai faɗin gindi da tsukakken kai, tsayinsa bai fi mita 12 da ɗoriya ba, da matakala ta kowane gefe. Daga gindinsa wata doguwar shimfiɗar dutse ta miƙe sak zuwa arewa, mita 31. A sama, tsakanin ɗakuna biyu, an gitta sanda. Shi ke nan. Amma wannan gini, da masani Guo Shoujing ya tsara a 1276 zamanin sarki Kublai Khan, ma'aunin shekara ne. Kullum da tsakar rana inuwar sandar tana faɗowa a kan shimfiɗar, a auna ta a rubuta. Ranar da ta kai iyakar tsawonta ta fara ja da baya, ita ce Dongzhi, kuma daga wata Dongzhi zuwa ta gaba, shekara ce cif. An sassaƙa ƴan magudanai a jikin dutsen da ake zuba wa ruwa don a tabbatar bai karkace ba. Da yake inuwar abu mai nisa bakinta a dushe yake, sai ya ƙera ɗan faranti mai huda da ke tattara hoton rana da na sandar a wuri ɗaya. Da irin wannan awo suka fid da kalandar da aka fara aiki da ita a 1281, wadda ta ce shekara kwana 365.2425 ce. Adadin da kalandar Turawa da muke rataye da ita a shago ta zo da shi ke nan a 1582, bayan shekara 300. Tafintana, da yake ɗalibi ne, ya ƙara mini da cewa a fadar wannan sarki har da masana taurari Musulmi, babbansu Jamaluddin, wanda aka buɗe wa ma'aikata ta musamman a 1271.

Mun tarar da mutane sun taru, ƴan makaranta da malamansu, da tsofaffi masu kyamara. Duk ƙasar agogo ɗaya take bi, na Beijing, saboda haka rana ba ta daidaita a nan sai wajen 12:25. Inuwar ta zo ta kwanta wajen rabin shimfiɗar, aka yi ta ɗaukar hoto. Ni kuwa sai na koma gefe na yi abin da aka koya mana a makarantar allo, wato auna inuwar zawali da tafin ƙafa, a kan cewa tsayin mutum ƙafarsa 7 ne. A Kano, a irin wannan rana, inuwata ba ta wuce ƙafa 5. A Gaocheng na ƙirga 11. Rana tana can ƙasa-ƙasa ta kudu, ƙarfe goma sha biyu amma kamar hantsi. Lawban ya ga ina taka ƙasa ina ƙirge, ya tambayi abin da nake yi. Da aka fassara masa cewa haka malamanmu ke gane shigar azahar da la'asar tun kafin agogo, sai ya kira ƴarsa ya ce in sake ta gani. Na sake, yara suka kewaye ni, wasu suka shiga gwadawa da takalmansu.

A hanyar dawowa duk gidan abincin da muka wuce cike yake, tururi na fita ta ƙofa. A arewacin Chaina abincin wannan rana jiaozi ne: a murza kwaɓin fulawa fale-fale, a sa niƙaƙƙen nama da ganye, a naɗe a matse baki, a jefa a tafasasshen ruwa kamar ɗanwake har ya taso sama. Yawanci da naman alade ake yi, don haka kada ɗan'uwa ya gani ya kai hannu sai ya ga alamar halal a ƙofa, wadda suke kira qingzhen, galibi a koren allo. Lawban ya san da haka, ya kai mu wurin wasu ƴan Hui aka kawo na rago da karas, faranti yuan 25, ana tsomawa a ruwan tsami baƙi da tafarnuwa da yaji. Da tsinken cin abincinsu na fara, abin yana zulle mini, mai wurin ta tausaya ta kawo cokali.

Matar lawban ce ta ce in ci da yawa don kada kunnena ya guntule. Na ɗauka zolaya ce saboda yadda nake rufe shi da hannu, ashe magana ce da kowane yaro ya sani. Suna ba da labarin wani likita, Zhang Zhongjing, mutumin Nanyang a nan Henan, da ya rayu a ƙarshen daular Han, wajen shekara 1,800 da suka wuce. Wai ya dawo gida cikin sanyi ya tarar kunnuwan talakawa sun ruɓe, sai ya sa aka dafa naman rago da magunguna masu ɗumama jiki, aka naɗe cikin kwaɓi da siffar kunne, ana raba musu da romo. Likitan dai an yi shi, littafinsa na magani har yau ana karantawa. Zancen kunnen kuwa irin labarin da ake bai wa yara ne don su cinye abinci, kuma na lura yana aiki.

Na tambayi mai gidan abincin, ta bakin tafinta, ko su Musulmi suna ɗaukar ranar da wata daraja. Ta yi dariya ta ce su dai ciniki ne da cin abinci da iyali. Ga sauran jama'a abin ya fi haka zurfi. A da, sarakunan daulolin Ming da Qing da kansu suke fita a wannan rana su yi hadaya a Haikalin Sama da ke Beijing, kuma har yanzu a wasu yankunan kudu ana kai ziyara kaburburan iyaye. A tunaninsu, ranar da duhu ya kai iyaka ita ce ranar da haske ya fara dawowa, shi ya sa suke mata kallon farkon abu. Wannan nasu ne. Ni abin da ya burge ni shi ne mutanen da ke biyan kuɗin shayi da waya, suna hawa jirgin da ya fi iska gudu, amma ranar da za su ci wane abinci da ranar da za su rufe masana'anta, inuwar sanda ce har yau take faɗa musu.

A teburin nan muka ƙarasa ciniki. Ya rage mini abin da ya ƙi ragewa ranar Alhamis, ya ƙara da kayan gyara na shekara guda, na tura kashi 30 cikin 100 na kuɗin, aka sa ni a layin waɗanda za a gama wa aiki kafin biki. Shaolin kuwa ba mu samu tsayawa ba, duhu ya riga mu.

Da na koma Gwanzu na ba wani abokin ciniki ɗan garin labari, ya taɓe baki ya ce mutanen arewa komai jiaozi. Su a kudu tangyuan suke sha, ƙananan dunƙulen garin shinkafa mai danƙo da baƙin riɗi a ciki, cikin ruwan citta mai zaƙi, kuma a wurinsu Dongzhi ta fi sabuwar shekara girma, har wasu shaguna kan sallami yara da wuri a je a ci abincin dare da iyaye. Ya sa aka dafa mini ko da ranar ta wuce. Yana da daɗi, sai dai a yi hankali da na farko, cikinsa ya fi wajensa zafi.

Na sauka Kano ana saura kwana kaɗan shekara ta ƙare, hazo ya rufe gari. Injin ya bar tashar ruwa ta Qingdao a mako na uku na Janairu, daidai lokacin Babban Sanyi, kwana kaɗan kafin a kulle masana'antar. Matatar mai da wana ya tuna muna buƙata bayan na dawo, wadda muka aika a yi mana a ƙarshen Janairu, ba a ko amsa saƙonmu ba sai tsakiyar Fabrairu, kuma sai cikin Maris aka ɗora ta a jirgi.